Mai da Ruwa a Ƙwarya Ɗaya

[Kiɗan buɗe shiri]

Ina gaida mutanen cikin garin Kazaure, da na Roni can gindin duwatsu, da Gwiwa, da Babura har zuwa bakin iyaka. Iyayenmu mata da ke tsakar gida rediyo na gefen murhu, yau ku ne manyan baƙinmu, don zancen a madafarku ya fi zama.

Na shigo ɗakin nan da kwalabe biyu. Kowacce na zuba mata ruwa rabi, na ɗora man gyaɗa cokali biyu. Ta farko iyakarta ke nan. Ta biyu kuwa ruwanta na jiƙa ƙaro a ciki tun daren jiya, irin ƙaron da ake saya a wajen masu kayan koli. Ku saurara, zan girgiza su.

[Ƙarar girgiza kwalabe]

Yanzu duka biyun sun yi fari kamar an dama madara. Na ajiye su nan kan tebur, ba zan sake taɓa su ba sai shiri ya zo ƙarshe.

Kowa ya san mai da ruwa ba sa ga-maciji. Zuba mai a ruwa, ya taso sama ya yi zamansa. Amma dubi abin da muke ci tun daga karin kumallo har tuwon dare. Nono, kindirmo, kunun gyaɗa, kunun aya, madarar waken suya, miyar taushe, kai har nonon uwa. Duk mai ne da ruwa a wuri ɗaya, kuma ba ka ganin man yana yawo. Masana kimiyyar abinci suna kiran irin wannan haɗi imalshan. Mu a nan mu ce masa gamin mai da ruwa. Man bai narke ba, ba kamar gishiri ko sukari ba ne. An dai farfasa shi ne ya zama 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ido ba ya gani, suna rataye a cikin ruwan. A madarar saniya, ƙwayar mai guda kan kai kamar kashi 3 ko 4 cikin 1,000 na milimita. A jera guda ashirin kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Haske ne ke dukan waɗannan ƙwayoyi, da na furotin da ke tare da su, ya warwatse, shi ya sa madara take fara.

To me ke hana su sake haɗewa? Sai an sami dillali. Wanda ya taɓa shiga kara ranar kasuwa ya ga yadda dillali ke yi: hannu ɗaya ya kama mai saniya, ɗaya ya kama mai saye, kowa na fizgewa shi kuma yana riƙe da su. Akwai sinadarai masu irin wannan hali, gefe ɗaya na jikinsu yana son mai, ɗaya gefen yana son ruwa. Sai su lulluɓe kowace ƙwayar mai kamar riga, in ta gamu da 'yar'uwarta su yi karo su rabu ba tare da sun zama ɗaya ba. Sabulu haka yake yi wa maiƙon kwano. A madara, wata siririyar fata ce ta furotin da maiƙo ke kewaye kowace ƙwaya tun daga hantsar saniya. A ƙwai, gwaiduwa ce ke ɗauke da dillalin, sunansa lesitin, kuma akwai shi a waken suya.

Sai ƙaro, wanda shi ne namu na gida. Bishiyar dakwara ce ke fitar da mafi kyawunsa, kuma Sudan da Cadi da Nijeriya su ne manyan masu sayar wa duniya, Jigawa tana cikin jihohin da ake samunsa tare da Yobe da Borno. Gardi a tsangaya ya daɗe da sanin aikinsa: yana sa shi a tawada don baƙin ya zauna cikin ruwan kada ya kwanta, ya kuma kama allo. Abin da da yawa ba mu sani ba shi ne, lemon kwalbar nan mai launin ruwan lemo da ake sha a biki, ɗanɗanonsa daga man ɓawon lemo yake, kuma sau da yawa ƙaro ne ke riƙe da man nan wata da watanni bai taso ya yi zobe a wuyan kwalba ba. In ka ga an rubuta E414 a jikin kayan ci ko sha, ƙaro ake nufi. Mu kan sayar da shi a buhu da araha, ya dawo mana cikin kwalba da tsada. Wannan zance ne na wata rana.

Mu koma gyaɗa, don a nan ne na fi jin daɗin maganar. Kusan rabin nauyin ƙwayar gyaɗa mai ne, amma ka ɓare ta ka tauna ba za ka ga mai na zuba ba. Allah ya adana man a 'yan ƙananan jakunkuna, kowacce da rigarta ta furotin. In Inna za ta yi kunu, sai ta markaɗa gyaɗar da ruwa mai yawa ta tace. Jakunkunan nan su fito da rigunansu su watsu cikin ruwan, ka ga fari tas kamar madara. In kuma ƙuli-ƙuli za a yi, gyaɗar nan dai ce, amma sai a soya ta, a niƙa, a zuba a turmi, a riƙa ɗiga ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa. Ruwan nan bai isa ya ɗauki man ba, sai ƙullun ya shanye shi ya cure wuri ɗaya, ya matso man waje. Tunkuza ta koma gefe, mai ya kwanto. Wato da ruwa aka ɓoye man, da ruwa kuma aka fito da shi, bambancin yawa ne da zafi da yadda hannu ya juya. Matan da ke wannan sana'a ba sa auna komai da ma'auni, amma in sabuwar hannu ta zuba ruwan ya zarce, nan take za su ce mata ta kashe man.

Na tuna muna yara, lokacin azumi, wata yayata ta karɓi damun kunun gyaɗa a karon farko. Tana ɗora ruwan gyaɗar a wuta ta juye tsamiya gaba ɗaya. Kafin a ankara tukunya ta rabu biyu, sama gudaji-gudaji, ƙasa tsararo. Kakarmu ta leƙa ta ce, "Ke 'yar nan, ai tsamiya baƙuwa ce, sai an gama aiki take shigowa." Bayanin masana bai wuce wannan ba. Rigunan furotin suna ture juna ne saboda wani caji da ke jikinsu. Tsami yana kashe cajin, zafi kuma yana ƙara sa su manne. Shi ya sa ake bari sai kunu ya yi kauri da gasara ko shinkafa, sannan a sa tsami a hankali. Kaurin ya riga ya daure ƙwayoyin, ba su da hanyar zuwa ga juna. Mai awara kuwa abin da ya ɓata wa yayata rai shi take nema da gangan. Ta tafasa madarar waken suya, ta zuba ruwan tsami, furotin ya dunƙule ya tafi da man, ta tace ta matse.

Haka Bafulatana da man shanu. Madara in ta kwana, ƙwayoyin mai suna tasowa sama a hankali tun da sun fi ruwa rashin nauyi, amma kowacce na nan cikin rigarta. Sai an zuba a gora an yi ta kaɗawa rigunan ke yagewa, mai ya sami ɗan'uwansa ya dunƙule. A nan lamarin ya juye: da mai ne a cikin ruwa, yanzu 'yan ɗigon ruwa ne a cikin mai, domin man shanu kusan kashi 80 cikin 100 mai ne, sauran yawanci ruwa. Ragowar ruwan nan shi ke sa ɗanyen man shanu saurin lalacewa, shi ya sa ake soya shi ruwan ya ƙone, ya daɗe a kwalba.

Girman ƙwaya yana da hukunci babba. Wani masanin lissafi a Ingila, George Stokes, ya fitar da ƙa'idar a 1851: in ka rage faɗin ƙwaya da rabi, saurin tasowarta zai ragu sau huɗu. Wani Bafaranshe kuma, Auguste Gaulin, ya ƙera na'ura a 1899 da ke tura madara ta wata 'yar matsattsiyar kafa da ƙarfi, ƙwayoyin mai su farfashe su ƙara ƙanƙanta. Dalili ke nan madarar gwangwani ba ta yin saman mai kamar ta ruga.

Akwai kuskuren da nake so mu gyara a nan. Rabuwa ba ita ce lalacewa ba. Kunun aya in ya zauna, fari ya kwanta ƙasa, maiƙo ya taso sama, girgiza shi kawai za ka yi. Wanda ya lalace shi ne wanda ya yi tsami, ko ya yi yauƙi, ko robar ta kumbura, kuma a zafin Afrilu wannan ba ya ɗaukar yini in babu ƙanƙara. Kunu na iya zama sumul a ido alhali ƙwayoyin cuta sun cika shi. Hanci da harshe sun fi ido gaskiya a nan, tsabtar ruwan da aka yi shi da shi kuma ta fi su duka.

[Kiɗa]

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yadda mai da ruwa ke zama wuri ɗaya a abincinmu. Yanzu mu bi loma zuwa ciki.

Jikin mutum yawancinsa ruwa ne, jini ma haka. Ke nan matsalar da ke cikin kwalbata ta farko ita ce ke jiran duk man da muka haɗiye. A tumbi akwai tsami mai ƙarfi, yana kuma dama abinci kamar ana tuƙi, a nan ake fara narkar da ɗan kaso na man. Babban aikin sai a ƙaramin hanji. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mahauci ranar Babbar Salla ya ga yadda yake lallaɓa wata 'yar koriyar jaka a jikin hanta yana cirewa, don in ta fashe nama ya yi ɗaci. Matsarmama ke nan, wasu su ce maɗaciya. Mu muna jefar da ta rago, amma tamu ita ce rumbun dillalan jiki. Hanta na yin ruwan ɗacin nan wajen rabin lita ko fiye a rana, matsarmama ta tara, da zarar mai ya iso hanji ta matso shi. Ruwan ya lulluɓe man kamar yadda sabulu ke yi, motsin hanji ya farfasa shi.

Me ya sa sai an farfasa? Domin sinadarin da ke yanka mai, wanda ake kira lifes, a ruwa yake zaune, ba ya iya nutsewa cikin mai. Daga baki-baki yake ci, kamar gara a jikin azara. Ɗigo ɗaya mai faɗin milimita guda, in aka raba shi zuwa ƙwayoyi masu faɗin kashi 1 cikin 1,000 na milimita, zai ba da ƙwaya biliyan ɗaya, filin da lifes zai kama kuma ya ninka sau 1,000. Lifes ɗin daga wata gaɓa yake fitowa da ke kwance bayan tumbi, likitoci na ce mata fankiriyas. Wani likitan Faransa, Claude Bernard, shi ya gano haka a shekarun 1840, kuma zomo ne ya tona masa asirin. A jikin zomo, bututun wannan gaɓa yana shiga hanji ne can ƙasa, nesa da inda ruwan matsarmama ke shiga. Bernard ya lura siraran hanyoyin da ke kwasar mai daga hanji ba sa yin fari sai daga inda bututun ya shiga zuwa ƙasa. Fararen hanyoyin nan su ma abin lura ne. Yawancin abinci daga hanji hanta yake fara zuwa a tace shi, amma mai irin na gyaɗa da riɗi jiki yana sake naɗe shi cikin sabuwar riga ya bi ta waɗannan hanyoyi, ya faɗa jini can kusa da wuya, bai fara biyawa ta hanta ba.

Kuma ba ya tafiya shi kaɗai. Duk abin da ke narkewa a mai, mai ne motarsa. Bitamin A da D da E da K duk fasinjojinsa ne. Zogale da karas da kabewa da alayyafo suna ɗauke da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai kare ido daga dundumi, amma in babu maiƙo a tare, mafi yawansa wucewa yake yi. A 2004 an gwada wannan a jami'ar jihar Iowa ta Amurka: waɗanda suka ci ɗanyen ganye da karas ba tare da mai ba, kusan babu abin da ya shiga jininsu na wannan sinadari. To ashe wadda ta fara kwaɗa zogale da ƙuli-ƙuli ta ɗiga mai ba don daɗi kaɗai ta yi ba, ko da ita daɗin ta nufa. Tun 2002 doka ta wajabta a sa bitamin A a man girki na kamfani a Nijeriya, shi ne alamar ido da kuke gani a jikin galan. Sai dai hasken rana yana lalata shi, kuma ga yadda ake jera mai a fararen robobi a bakin titi tun safe har la'asar. Ku sayi na inuwa, ku ajiye a inuwa.

Ga wanda ya fi shafar rai. Tun wajen 2005 Nijeriya ta bar kulorokwin ta koma maganin zazzaɓin cizon sauro mai haɗi biyu, irin su Coartem, wanda ake sha sau shida cikin kwana uku. Ɗaya daga cikin sinadaran biyu, lumefantirin, shi ne mai tsayawa a jini ya share ragowar ƙwayoyin cutar, kuma ba ya narkewa a ruwa. An auna a jikin masu lafiya an ga abinci mai maiƙo na iya ninka abin da ke shiga jini har sau 16. Ba kuma mai yawa ake bukata ba: wani gwaji a ƙasar Tailan ya nuna madarar waken suya mililita 36, wato bai kai cokalin cin abinci uku ba, ta kusan wadatar. Yanzu ku duba yadda muke yi. Yaro na zazzaɓi, bakinsa ɗaci, ya ƙi abinci, a ba shi ƙwaya da ruwa ko farau-farau. Bayan sati biyu zazzaɓi ya dawo a ce maganin jabu ne. Jabu akwai shi, ban musa ba, amma wani lokacin maganin mota ya rasa. Kurɓi kaɗan na madara, ko kindirmo, ko kunun gyaɗa. Jariri kuwa nonon uwa ya ishe shi. In mara lafiya ya kasa shan komai, kada a jinkirta magani don jiran abinci, a ba shi, a bi shi da abin da ya samu da zarar ya iya. Wanda ke amai ba ƙaƙƙautawa ko ya fara sanƙarewa, wannan na asibiti ne nan take.

Abincin tamowa na leda da ake ba yara a asibiti wata dabara ce ta daban. Faransawa biyu, André Briend da Michel Lescanne, suka haɗa shi a 1996, kuma a yunwar 2005 a Maraɗi ne duniya ta ga amfaninsa sosai. Gyaɗa ce da garin madara da sukari da mai da bitamin, leda ɗaya giram 92. Sirrinsa shi ne kusan babu ruwa a ciki, ƙwayar cuta kuwa ba ta hayayyafa inda ba ruwa. Saboda haka uwa, kada ki dama shi a kofi ki ajiye. Murza ledar kafin ki buɗe don man da ya taso ya koma, yaro ya tsotsa, ki ba shi ruwa mai tsabta daban.

[Kiɗa]

Saura wani ɓangare da sai na taka a hankali. Motar nan ta mai ba ta tambayar fasinja ko na kirki ne. A ƙasashen Turai da Amurka yanzu akwai bincike mai yawa a kan gamin mai da ruwa da ke ɗauke da sinadaran tsiron wiwi. Tsiron yana da abubuwa daban-daban. Ƙwayar irinsa tana da mai kamar kashi 30 cikin 100, man da shi kansa ba ya bugarwa, sai dai yana saurin yin ɗoyi in ya sha iska da haske. Fure da ganye kuwa su ke da danƙon da ke ɗauke da THC mai sa maye, wanda Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni suka tantance a 1964, da kuma CBD wanda ba ya bugarwa. Dukansu biyu ba sa narkewa a ruwa, kuma in an haɗiye su haka, kaɗan ne ke kaiwa jini, hanta na cinye yawanci. A watan Yunin 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani magani na CBD, Epidiolex, don wasu nau'o'i biyu na farfaɗiya mai tsanani da ke kama yara. Kun san cikin me aka narkar da shi? Man riɗi. Riɗin nan dai irin wanda manomanmu ke kaɗewa da kaka. Takardar maganin ma ta nuna in an sha shi bayan abinci mai maiƙo, abin da ke shiga jini yana ninkuwa kamar sau huɗu.

Kamfanonin can da ke son sa shi a abin sha suna fama da abin da yayata ta yi fama da shi: yadda ƙwayoyin mai za su yi ƙanƙanta su zauna, kada tsamin lemo ya tsinka su, kada haske ya lalata abin da suka ɗauko. Dillalan da suke gwadawa su ne lesitin, da furotin na madara, da ƙaro.

Can dokarsu daban. A Nijeriya noma wiwi da sayar da shi da mallakarsa laifi ne, akwai doka a kai tun 1966, kuma hukumar NDLEA da aka kafa a 1989 ita ke kamawa. Dalilin da ya sa na kawo zancen shi ne, ana samun masu cusa shi cikin abin ci ko abin sha a wuraren shagali, wani ma bai san ya ci ba. Wanda aka ci ya fi na hayaƙi yaudara. Ba ya nuna kansa sai bayan rabin awa, wani lokacin har awa biyu, don sai ya bi doguwar hanyar nan da muka bayyana, hanta kuma ta juya shi zuwa wani sinadari mai ƙarfi da ke daɗewa a jiki. Mutum ya ga bai ji komai ba ya ƙara, sai abin ya sauko masa gaba ɗaya: bugun zuciya, firgici, ruɗewa. Ƙaramin yaro da ya tsinci irin wannan ya ci yana iya yin barcin da ba a iya tashinsa, numfashinsa ya yi rauni. In haka ta faru a kai shi asibiti, a gaya wa likita gaskiyar abin da ake zato, kada kunya ta sa a tsaya ɗura masa manja ko madara a gida. Bayan abin da muka faɗa yau, kun san maiƙo ba ya kashe irin wannan, ƙara masa hanya yake yi.

To, mai kula da na'ura yana ɗaga mini hannu, bari in duba kwalabena. Ta farko, wadda ba ƙaro, ta koma gidan jiya: mai garau a sama, ruwa a ƙasa da ɗan hazo-hazo. Ta biyu ita ma ta motsa, ba zan ɓoye muku ba. Wani farin kauri ya taru a sama kamar saman kindirmo, ƙasa kuma ruwan bai washe ba. Amma ban ga mai garau ba. Ƙwayoyin sun taso, tun da hannuna ba na'urar Gaulin ba ne, manya-manya na yi su, sai dai kowacce na cikin rigarta. Zan tafi da ita gida in ajiye a kan taga, mako mai zuwa in gaya muku kwana nawa ta yi. Ɗaliban sakandare da na kwalejin Hussaini Adamu da ke saurare, ku gwada naku da gwaiduwar ƙwai a kwalba ta uku, ku aiko mana da abin da kuka gani.



[Kiɗan rufe shiri]